Sharhi Kan Foxwell NT630 Plus, Na'urar Gano Matsalar Jakar Iska da Birkin ABS

Akwai fitilu biyu a allon gaban direba waɗanda direbobinmu da yawa suka saba ganinsu a kunne har sun daina damuwa da su, wato fitilar ABS (tsarin da ke hana tayoyi ƙamewa idan aka taka birki) mai ruwan ɗorawa da kuma fitilar jakar iska, wadda wasu motocin ke rubuta mata SRS, wasu kuma su zana mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Dalilin wannan sakacin a fili yake, domin mota takan tashi ta yi gudu lafiya lau alhali fitilun nan suna ci, kuma ba a sanin amfanin abin da suke gargaɗi a kai sai ranar da aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ko ranar da aka yi karo. Ni da ke aikin gyaran wutar mota na daɗe ina ganin cewa duk garejin da ba shi da na'urar da ke iya magana da waɗannan sassa biyu, to lalube yake yi a kan abin da ya shafi rayukan mutane. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bayani dalla-dalla kan Foxwell NT630 Plus, wadda ita ce nake aiki da ita a wannan fanni, tare da kwatanta ta da takwarorinta da ake samu a kasuwa.

Kafin a zo kanta, wajibi ne a fahimci dalilin da ya sa ƙananan na'urori masu araha ba sa biyan wannan buƙata, domin a nan ne masu saye suka fi yin asarar kuɗinsu. Tsarin da ake kira OBD-II ya zama tilas a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga samfurin 1996, Turai kuma ta bi sahu da nata tsarin a kan motocin fetur a 2001 da na dizal a 2004. Abin da dokar ta tilasta shi ne soket mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, da kuma bayanan da suka shafi inji da hayaƙin da yake fitarwa, saboda manufarta tun farko ita ce kare iska daga gurɓata. Dokar ba ta ce dole kamfanonin ƙera motoci su daidaita yadda ƙwaƙwalwar birki (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi) ko ta jakar iska ke ba da bayani ba, don haka Toyota na da nata salon, Honda na da nata, haka ma Volkswagen da Ford da sauransu. Ɗan abin nan na ELM327 da ake sokawa a wannan soket a haɗa da wayar hannu yana da amfaninsa wajen duba inji, amma da yawancin manhajojin kyauta da ake amfani da shi da su, lambobin matsalar injin kawai yake gani. Sau da yawa mai mota zai soka shi, allon waya ya ce babu wata matsala, alhali fitilar ABS na ci a gabansa, sai ya ɗauka fitilar ce ta rikice.

Lambobin matsala da kansu suna nuna wannan rabuwar. Waɗanda suka fara da harafin P na inji da giya ne, masu C na birki da sitiyari da sauran kayan ƙarƙashin mota ne, masu B na jikin mota ne kuma a cikinsu jakar iska take, masu U kuma na sadarwa ne tsakanin ƙwaƙwalen motar. Na'urar da ba ta iya fito da C da B ba ta da hurumi a wannan aikin, komai kyawun kwalinta.

Foxwell kamfani ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda Autel da Launch su ma suke. NT630 Plus na'ura ce ta riƙewa a hannu, mai allo mai launi da maɓallai na dannawa, kuma daga soket ɗin motar take jan wuta, saboda haka babu zancen caji ko na neman wutar lantarki kafin a fara aiki. Na fi son maɓallai a kan allon shafawa a irin aikinmu, domin hannun da ya sha baƙin mai da ƙura ba ya shiri da gilashi. Aikinta ya taƙaita ga abubuwa uku, wato binciken inji na gama-gari, da ABS, da jakar iska, sai dai a cikin na biyun ta zurfafa fiye da yadda kuɗinta ke nunawa. Tana karanta lambobi ta goge su, tana nuna bayanan sensa kai tsaye yayin da mota ke tafiya, tana iya ba wa wasu sassa umarni su yi aiki don a gwada su, tana fitar da iska daga famfon ABS a motocin da suka yarda da haka, kuma tana saita sensar da ke auna juyin sitiyari.

Bayanan kai tsaye su ne abin da ya fi kowanne daraja a wurina. Tsarin ABS, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da irinsa na lantarki a motar S-Class a 1978, ya dogara ne da sensa a kowace taya da ke sanar da ƙwaƙwalwa saurin juyawarta. Idan ƙwaƙwalwar ta ga wata taya na shirin ƙamewa yayin da aka taka birki, sai ta sassauta matsin mai a kanta ta sake matsawa sau da dama a cikin daƙiƙa guda, domin direba ya ci gaba da iya sarrafa sitiyari. A motocin Toyota da yawa lamba C0200 tana nufin sensar tayar gaba ta dama, C0205 ta gaba ta hagu, C0210 ta baya ta dama, C0215 kuma ta baya ta hagu. Abin lura shi ne, lambar ba ta cewa sensar ta mutu. Abin da take cewa shi ne saƙon da ke zuwa daga wannan ɓangaren ba daidai yake ba. Laifin na iya zama na sensar, ko na wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ko na soket da ruwa ya shiga, ko na haƙoran zoben da sensar ke karantawa idan laka da garin ƙarfe sun cike su.

An taɓa kawo mini wata Corolla da aka riga aka canza mata sensar baya ta dama a wani wuri, fitilar kuma ta dawo. Na soka na'urar, na buɗe saurin tayoyin huɗu a allo ɗaya, na zauna a kujerar gefe yaron gareji yana tuƙi a hankali. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lambobin huɗu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma da muka hau tudun rage gudu sai ta baya ta dama ta faɗi zuwa sifili na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Sensar da ta mutu ba ta yin haka, waya mai yankewa daga ciki ce ke yi. Da muka ɗaga motar muka bi wayar da yatsa, sai muka tarar da inda ta lanƙwashe kusa da ƙugiyar da ke riƙe ta, robar waje lafiya lau amma zaren ciki ya tsinke. Na'urar da ke karanta lamba kawai ba za ta taɓa kai mutum ga wannan wurin ba, sai dai ta sa a yi ta sayen sensa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ana ɗaurawa.

Haka kuma wannan allon yakan tona asirin aikin da aka yi ba daidai ba. A wasu motocin Honda da ma wasu da dama, zoben maganaɗisun da sensa ke karantawa a jikin boris ɗin taya yake, a fuska ɗaya kacal, kuma idan wanda ya matsa boris ɗin ya juya shi, tayar za ta nuna sifili tun daga tashi. Wata lambar da nake yawan cin karo da ita a Toyota ita ce C1241, wadda ke nufin wutar da ke isa ƙwaƙwalwar birki ta yi ƙasa. Maganinta sau da yawa batir ne, ko kan batir da ya yi gishiri, ko cajin da ba ya kaiwa, amma na sha jin an ce wa mai mota famfon ABS ɗinsa ne ya lalace gaba ɗaya, aka sa shi ya kashe maƙudan kuɗi a banza. Duba ƙarfin wutar a allon na'urar na minti ɗaya ya isa ya hana wannan ɓarnar.

Abin da ya ɗaga NT630 Plus sama da sa'o'inta shi ne ikon ba da umarni. Mutum na iya kunna motar famfon ABS daga na'urar ya ji ƙugin ta da kunnensa, ko ya buɗe bawul ɗin kowace taya ɗaya bayan ɗaya yana jin ƙarar su, ta yadda zai tabbatar ko sashen na raye kafin ya yanke hukuncin cire shi. Fitar da iska kuwa ya fi wannan muhimmanci. Idan aka canza famfon ABS, ko aka bari tukunyar man birki ta ƙafe, iska takan maƙale a ƙananan hanyoyin cikin famfon, inda bugun ƙafa na yau da kullum ba ya isa. Sakamakon shi ne birki mai laushi da ke nutsewa ƙasa duk yawan fitar da iskar da aka yi a tayoyi. Na'urar tana sa famfon da bawul su yi aiki bi da bi har iskar ta fito zuwa bututun da za a iya zubar da ita, tana kuma rubuta wa mai aiki abin da zai yi a kowane mataki. Ya kamata a sani cewa ba kowace mota ce ke karɓar wannan umarnin ba, don haka a duba jerin motocin da kamfanin ya wallafa kafin a sa rai.

Saita sensar sitiyari ƙaramin aiki ne da ake buƙata bayan an daidaita tayoyi ko an taɓa sitiyari, musamman a motoci masu tsarin hana zamewa, wanda ya zama tilas a Amurka daga samfurin 2012. Na'urar tana yin sa cikin 'yan mintuna, muddin motar na tsaye a wuri mai daidai kuma tayoyin gaba na kallon gaba sosai.

A ɓangaren jakar iska aikin na'urar ya fi karkata ga karantawa da nuna wuri, kuma hakan ya wadatar a mafi yawan lokuta. Lafiyayyar fitilar SRS takan kama idan aka murɗa makulli, ta yi kimanin daƙiƙa 6, sannan ta mutu da kanta. Idan ta zauna a kunne, ƙwaƙwalwar ta ga matsala, kuma ba a da tabbacin jakar za ta buɗe a ranar buƙata. A Toyota lamba B1801 tana nufin layin jakar direba ya yanke, kuma sau da yawa laifin na naɗaɗɗiyar wayar nan ce da ke cikin sitiyari, wadda ke ba shi damar juyawa ba tare da haɗin ya rabu ba. Idan odar motar ko maɓallan kan sitiyari su ma sun daina aiki, zargin ya ƙara ƙarfi. Wani wurin da ke yawan kawo matsala shi ne soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera, wanda jan kujera gaba da baya, ko ruwan masu wankin mota, ko kayan da aka cusa a wurin ke sassautawa. Na'urar tana faɗin ko jakar gefe ce, ko na'urar tsuke bel ce, ko sensar da ke gane nauyin mai zama, kuma wannan kaɗai yana rage aikin yini zuwa na sa'a guda.

Ina roƙon 'yan uwana masu wannan sana'a da su riƙe ƙa'ida a nan, domin jakar iska da ɗan abin fashewa take aiki. Ba a taɓa wayoyi masu ruwan ɗorawa sai an cire kan batir an jira; littattafan gyara na Toyota sun ce aƙalla daƙiƙa 90, na Honda kuma minti 3, saboda ƙwaƙwalwar tana ajiye wuta na ɗan lokaci. Ba a kuma ɗora mita ko ƙwan gwaji kai tsaye a kan jakar, domin 'yar wutar da ke fita daga gare su na iya tayar da ita a fuskar mai aiki. Amfanin na'urar ke nan, ta ba ka labarin layin ba tare da ka taɓa shi ba.

Sai dai akwai abin da ba ta gani, kuma duk mai shirin dogaro da ita wajen sayen mota 'yar Kwatano ko ta tashar Legas dole ya san shi. Ƙwaƙwalwar jakar iska tana gane kasancewar jaka ne ta hanyar auna juriyar layinta, wadda ba ta wuce om 2 zuwa 3 ba a ma'aunin juriyar wuta. Marasa tsoron Allah sukan cire jakar da ta fashe a haɗari, su soka ɗan resista mai wannan ma'aunin a soket ɗin, su liƙe murfin sitiyari su fesa masa fenti. Ƙwaƙwalwar za ta gamsu, fitilar za ta mutu a kan lokaci, kuma babu na'urar bincike, komai tsadarta, da za ta ce akwai matsala. Na taɓa buɗe sitiyarin wata mota da mai ita ya saya da kuɗin guminsa don ɗaukar iyalinsa, na tarar da tsumma da soso a inda jaka ya kamata ta kasance, ga resistan an naɗe shi da baƙin salatif. Abin ya daɗe yana damuna. Inda na'urar ke taimakawa shi ne wajen kama ɗaya dabarar, ta cire ƙwan fitilar ko haɗa shi da fitilar man inji domin su riƙa mutuwa tare; a irin wannan za ta fito da lambobin da aka ɓoye, ko ta ce ta kasa samun ƙwaƙwalwar kwata-kwata, wanda shi kansa babban gargaɗi ne. Haka nan, bayanin haɗari da ƙwaƙwalwar ke adanawa bayan jaka ta fashe ba ya goguwa da irin wannan na'urar, kuma ni a ganina hakan daidai ne, domin abin da kamfanonin motoci da yawa suka tanada shi ne a canza ƙwaƙwalwar.

Wani haɗarin da ba ya fito da lamba shi ne na jakunkunan kamfanin Takata na Japan, wanda ya durƙushe a 2017. Sinadarin da ya yi amfani da shi yakan lalace idan ya daɗe a zafi da laima, har ya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa ƙarfe ga na cikin mota. A Amurka kaɗai an yi kiranye ga jakunkuna kimanin miliyan 67 domin a canza su, kuma Honda ta gargaɗi masu wasu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a gyara ba da su daina tuƙa su. Da yake motocin Amurka ne suka cika kasuwarmu, kuma zafi ba baƙonmu ba ne, ya kamata a ɗauki lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 a saka a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, wanda ke nuna kyauta ko akwai kiranyen da ba a cika ba.

Iyakokin NT630 Plus ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta shiga ƙwaƙwalwar giya, ba ta taɓa na'urar sanyi ko makulli, kuma an yi ta ne don motoci masu wutar bolt 12, don haka ba ta manyan motoci masu 24 ba ce. Tsofaffin motocin Turai da aka ƙera kafin 2001 suna da wuyar sha'ani, domin wasu Marsandi na wancan zamanin soket mai zagaye mai ramuka 38 gare su, wasu BMW kuma mai 20, kuma ko an samo mahaɗi babu tabbacin za a yi magana. Rubutun allonta ba da Hausa yake ba, saboda haka yaron da bai iya Ingilishi sosai ba sai an zauna an koya masa ma'anar kalmomin da ke maimaituwa. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Garwa kuma su tambayi mai sayarwa ya nuna masu Faransanci a allon kafin su biya. Sannan kada a manta cewa jar fitilar birki daban take da ta ABS: ƙarancin mai, da cinyewar takalmin birki, da tiyo mai yoyo, duk ido da hannu ne ke gano su.

Idan aka zo kwatanci, Autel AL619 tana karanta lambobin ABS da na jakar iska ta goge su, kuma ta isa ga mai mota da ke son sanin abin da ke damun motarsa kafin ya je gareji, amma ba ta fitar da iska daga famfo. Launch CRP123 ta asali ta fi faɗi, domin ta haɗa inji da giya da ABS da jakar iska tare da bayanan kai tsaye, sai dai ita ma karatu ne aikinta, ba ba da umarni ba. Wanda garejinsa ya bunƙasa zai fi jin daɗin Autel MK808, wadda ke shiga dukkan ƙwaƙwalen mota, amma kuɗinta ya ninka, kuma bayan shekarar farko sabunta manhajarta na kuɗi ne, alhali Foxwell tana sabunta NT630 Plus kyauta. Wanda kuma Toyota da Lexus kaɗai yake gyarawa ya san cewa babu abin da ya kai manhajojin kamfanin Toyota irin su Techstream zurfi, kamar yadda VCDS take ga Volkswagen da Audi, illa dai suna buƙatar kwamfuta da wuta da wurin da ƙura ba ta yi yawa ba. A tsakanin waɗannan duka, ga ƙaramin gareji da ke karɓar motoci iri-iri kuma yake yawan aikin birki, hukuncina shi ne NT630 Plus ta cancanci kuɗinta.

Ga wanda ya yanke shawarar saye, kada ya wadatu da rubutun jikin kwali. Ya je da irin motar da ya fi gyarawa, a soka na'urar a gabansa, ya shiga ABS ya ga saurin tayoyi huɗu sun bayyana, ya shiga jakar iska ya ga ta amsa, ya kuma nemo wurin fitar da iska ya tabbatar akwai shi ga wannan samfurin. Ya duba lambar da ke bayan na'urar ya yi mata rajista da sunansa a shafin kamfanin, domin wadda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani takan ba da wahala wajen sabuntawa. Bayan an sabunta ta, ya ɗauki al'adar rubuta kowace lamba a littafi ko ɗaukar hoton allon kafin ya goge, sannan bayan gyara ya tuƙa motar ya sake dubawa, domin wasu lambobin ABS ba sa dawowa sai tayoyi sun juya a kan hanya.